Gurguntar 'Ya'yan Dinya

Cikin 'yan kiwace-kiwacen da muke yi a tsakar gida babu mai shiga rai kamar na dinya, tsuntsuwar nan mai dogon wuya da faɗan tsiya nake nufi, ba ɗinya ta bishiya ba. Mace za ta kwashi adashenta ta sayi 'ya'ya huɗu ko shida, tana lissafin ranar da za su girma ta fitar da su ta rage wa 'yarta kayan ɗaki. Sati biyu suna ta guje-guje, ana shiga na uku sai a ga ɗaya ya yi taku uku ya zauna, in ya miƙe ƙafa tana rawa, kafin a jima ya koma jan gwiwa. To daga nan fa sai zance ya tashi, wannan ta ce kambun baka ne, waccan ta ce ai kishiya ce ta take shi da gangan. Na san gidan da aka yi wata guda ana gaba saboda ɗan dinya ɗaya.

'Yar uwa, na daɗe ina kiwon dinya da agwagi, kuma abin da na gano shi ne muna riƙon su ne riƙon kaji, alhali jikinsu daban yake. Ɗan dinya yana fitowa daga ƙwai da nauyin kimanin giram 100, amma in babban iri ne kuma yana ƙoshi, kafin sati 8 ya doshi kilo 4. Ki duba wannan girma na gaggawa, sannan ki duba 'yan ƙafafun da za su ɗauke shi. Abu kaɗan ya gaza a abinci, ƙafa ce take fara faɗa miki.

Akwai wani bitamin da ake kira nayasin, dangin bitamin B ne. A ma'aunin da masana abincin kaji na Amurka suka fitar a 1994, ɗan tsakon kaza yana bukatar miligiram 27 zuwa 35 a kowane kilo na abinci, shi kuwa ɗan dinya 65 yake nema. Kin ga kusan ninki biyu ke nan. Don haka abincin buhu da zai raya 'yan tsaki lafiya lau, shi ɗin ne zai iya barin ɗan dinya da kumburarriyar gwiwa da ƙafa lanƙwasasshiya kamar baka. Tsakin masara ko na dawa da muke watsa musu ma ba ya fitar da kitse daga wuta, don nayasin ɗin da ke ciki a ɗaure yake, cikin tsuntsu ba ya iya tatsar sa sosai. Ga su da tumbi cike, ga ƙafa tana mutuwa.

Wata Goggona da ta yi zaman ƙauye, ranar da ta zo mana ziyara ta tarar ana wannan hira sai ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muke sakinsu bakin fadama yaushe muka taɓa ganin gurgu?" Kuma gaskiyarta. Dinya makiyayiya ce kamar tunkiya, ɗanyar ciyawa take so ta yi ta tsinka, ta haɗa da ƙwari, ta sha rana, ta yi tafiya. Mu a birni sai mu kulle su a lungun bayan kicin inda rana ba ta leƙawa, alhali kuwa rana tana taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. Ni kullum da safe nakan sa yara su yanko ɗanyar ciyawa mai laushi, in yayyanka musu da ganyen latas ko zogale, in sake su tsakar gida su sha hantsi. A ruwan shansu kuma ina zuba garin bitamin na wajen masu maganin dabbobi, bayan na sa an duba min cewa akwai nayasin a ciki. Wanda aka tara da wuri, cikin 'yan kwanaki za ki ga ya fara miƙewa. Wanda aka bari har ƙashi ya sandare a karkace, wannan kam sai haƙuri.

Gyaɗa tana da nayasin sosai, shi ya sa wasu ke daka musu ƙuli-ƙuli, amma a nan sai an yi hattara. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba, kuma 'ya'yan agwagwa da dinya sun fi kaji saurin mutuwa da ita. A Ingila a 1960 talo-talo sama da 100,000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil, a nan ne ma aka gano gubar. In ba ki san asalin ƙulin ba, ko kin ji yana warin ruɓa, ki bar shi. Haka abincin kajin ƙwai, kada ki ba ƙanana don kawai shi ne a gida, sinadarin ƙashi ya yi yawa a cikinsa, ƙodarsu yake lalatawa.

Sai maganar daɓe, wadda ita ta fi ba ni haushi don tsafta ce take jawo ta. Uwargida ta shimfiɗa leda ko jarida a kwali, ko ta ajiye su kan tayil don wanki ya yi sauƙi. Ɗan kwana ɗaya ko biyu ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, santsi ya ja ɗaya gabas ɗaya yamma, shi ke nan ya tale. Tsohon tawul ko buhun algarara ya wadatar. In ma ya riga ya tale, ki samo ƙyalle mai laushi ki ɗaure ƙafafun biyu a ƙasan gwiwa, ki bar tazara daidai yadda lafiyayye yake tsayawa, kina kwancewa kullum kina dubawa, kwana uku zuwa biyar yawanci ya daidaita.

Kuma don Allah a hana yara cafko su ta ƙafa ana reto da su kai a ƙasa yadda ake ɗauko kaza daga kasuwa. Ƙafar dinya ba ta jure wannan. A tallafo ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan a danne fukafukai.

Akwai ɗingishin da ba na abinci ba ne. In ƙafa ɗaya ce kawai, ki juya tafin ki duba. Siminti mai kaushi ko ƙusa kan yanke su, ƙazantar akurki ta shiga, wajen ya kumbura ya yi baƙin ɓawo a tsakiya. In kin taɓa kin ji zafi, ko gwiwar ta cika da ruwa, ko ya daina cin abinci, ki ware shi kan busasshiyar shimfiɗa, ki matso masa da ruwa da abinci kusa don 'yan uwansa tattake shi za su yi, ki aika a kira malamin dabbobi a ranar.