Dum-dum ɗin wufa da kunnen jaririnki

Uwargida, yanzu da wuya ki shiga ɗakin amarya a nan Gagarawa Tasha, ko a Gumel da Maigatari, ba ki ga talabijin da sifikunta ba, har da baƙin akwatin nan mai fitar da dum-dum, wato wufa. Ni ma ina son kallo. Amma a matsayina na nas, inda muke ajiye akwatin ne yake damuna.

Sautin wufa ba ya bazuwa daidai a ɗaki. Yana dukan bango ya dawo, sai ya taru a kusurwa da jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuwa yakan yi rauni. Shi ya sa maigida yana zaune a tsakiya zai ce bai ji ba, a ƙara. To, ina muke kwantar da jariri? A jikin bango, don kada a taka shi. Shi ke shan ƙarar fiye da kowa, kuma ba shi da bakin cewa a rage.

Can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, da su muke ji. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, babu kuma allurar da za ta dawo da su. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan sauraro ta waya, an yi wa babba iyaka da desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Ki ɗora wufar a kujerar da ake zama, ki kunna, ki zagaya ɗakin a durƙushe kina saurare. Inda kika ji sautin ya fito tas, babu gurnani, nan ne mazauninta. Kada ki cusa ta a kusurwa. In tana da maɓallinta na daban, ki rage shi har kwanukan jerenki su daina karkarwa. In sai kin ɗaga murya kafin na kusa da ke ya ji ki, ƙarar ta yi yawa. Jariri kuma a kai shi uwar ɗaka.

Shi maigida, ki ce masa fim ɗin zai fi daɗin ji, kuma gaskiya kika faɗa. In kuwa yaronki ya daina waiwayowa idan an kira shi, kada ki ce taurin kai ne, ki kawo mana shi asibiti a duba.