Masaƙar da Ta Ƙi Zama Kufai

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu mun san Liverpool da Leeds ne ta hanyar ƙwallo. Amma tsakanin biranen nan biyu na Ingila akwai doguwar hanyar ruwa da mutane suka haƙa, aka kammala ta a 1816. A bakinta, kusa da birnin Bradford, akwai wata tsohuwar masaƙar ulu da nake son mu yi nazarinta.

Wani attajiri mai suna Titus Salt ne ya buɗe ta a 1853. Ya yi arziki da saƙa tufafi daga gashin alfaka, wata dabba dangin raƙumi da ake kiwo a Peru. A lokacin hayaƙi da ƙazanta sun addabi Bradford, sai ya fita bayan gari, inda ga kogin Aire, ga layin dogo, ga hanyar ruwa da dawakai ke jan jiragen kaya a kanta. Kimanin mutum 3,000 suka yi aiki a masaƙar. Ya gina musu gidaje sama da 800, da makaranta da asibiti, amma ya hana buɗe gidan giya. Aka haɗa sunansa da na kogin, ƙauyen ya zama Saltaire.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tufafi masu araha daga wasu ƙasashe suka ci kasuwa, aka rufe masaƙar a 1986, ƙaton ginin dutsen ya zama kango. A 1987 wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye shi. Ya baje zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford, a ɗaya daga cikin manyan zaurukan. Daga baya aka buɗe kantin littattafai da wuraren cin abinci, kamfanoni suka kama hayar ofisoshi. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya Saltaire cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka ceci ginin ta hanyar ba shi sabon aiki. Ginin da ba a shiga, rufinsa yoyo yake yi ba wanda ya gani, ɓarayi su ɓalle ƙarafa, ciyawa ta cinye sauran. Kuɗin haya kuwa su ke biyan gyara.

Ina kuma tunanin ma'aikatan. Har da yara ƙanana a cikinsu, suna wuni a cikin ƙura da ƙarar injuna. Littattafai sun riƙe sunan mai masaƙar, su kuwa ginin ne shaidar guminsu. Da an rushe shi, da jikokinsu ba su da inda za su nuna su ce nan kakanmu ya yi aiki.

Don haka in mun ga tsohon gini a rufe a garinmu, mu tambayi dattawa abin da aka yi a cikinsa, mu rubuta tun suna raye. Ƙungiyarmu ta 'yan jarida za ta iya soma wannan aiki a wannan zangon karatu.