Shirun Zurmi Da Shinkafi Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Bahaushe mutum ne mai kunya, shi ya sa ya sakaya sunan abin da ke fita daga cikinsa, ya ce bayan gida. Ni ma da na tashi a Ƙauran Namoda, haka aka tarbiyyantar da ni. Amma shekarun da na yi ina koyar da ilimin ƙananan halittu a jami'a sun tilasta mini in faɗi abin da ba a son faɗa: lafiyar ƙafafun 'ya'yanmu ta rataya a kan wannan abin da muke ƙyama.

Ƙwayar cutar shan inna a hanji take hayayyafa, ta bayan gida kuma take fita. Cikin yara 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne kawai ƙafarsa ke shanyewa; sauran suna yaɗa ta ba tare da an sani ba. Saboda haka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a ɗebi bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon. A rufe a 'yar roba, a sa a akwatin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri cikin kwana uku. In ƙanƙarar ta narke a hanya, ƙwayar na iya mutuwa, sakamako ya ce babu alhali akwai.

In an same ta, sai a karanta tsarin ƙwayoyin halittarta. Tsarin yana sauyawa da kimanin ɗaya bisa ɗari a shekara, don haka masana ke iya gane asalinta da daɗewar da ta yi tana yawo. Haka aka yi a 2016, sa'ad da aka gano cutar a Gwoza da Jere ta Jihar Barno. Gwajin ya nuna jikanyar wadda aka gani tun 2011 ce. Shekara biyar tana ɓoye inda rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga.

Wannan darasi ne ke hana ni sakewa in na tuna ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, waɗanda 'yan bindiga suka tare hanyoyinsu. Gaskiya ne a Agustan 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma wani nau'inta mai bin wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci yana nan yana ɓulla a Zamfara. Ƙauyen da ba a karɓo komai daga cikinsa ba, a takarda lafiya lau yake.

Wata goggona ta taɓa ce mini, “Ɗan nan, me Nasara zai yi da ƙazantar yaro in ba asiri ba?” Tambayarta ta cancanci amsa, kuma kamata ya yi amsar ta fito daga bakin limami, mai unguwa da ungozoma, da Hausa.

Ga hukumomi kuwa, a wadata asibitocin karkara da firiji mai aiki da hasken rana, a kuma biya masu ɗaukar akwatunan nan a kan babur haƙƙinsu a kan kari, domin da ransu suke sayen wannan labari. Iyaye, ƙafar yaro in ta saki, a kai rahoto tun kafin kwana 14 su cika. Rigakafi ya fi magani, balle ciwon da ba shi da magani.