Kura a Kasuwa, Jirgi a Duhu

A birnin Orlando na ƙasar Amurka akwai wani katafaren gini da mutane ke bin dogon layi domin a shigar da su a tsorata su. A cikinsa ne kamfanin Universal ya buɗe jirgin lilo mai suna Revenge of the Mummy a shekarar 2004. Akan zaunar da mutum, a danne masa cinya da ƙarfe, sai taragon ya lula cikin duhu a kan siririn dogo. Gawar wani tsohon bokan Masar na ta barazana, wuta ta kama rufin ɗaki, sannan ƙarfin maganaɗisu ya cilla taragon da gudun kusan kilomita 65 a awa. Bayan kamar minti uku a fito ana haki ana dariya, wasu ma su sake komawa layi.

Gudun ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, direban haya a hanyar Kano zuwa Ɗambatta yana wuce haka kullum. Duhun ne ke yin aikin. Idan ido bai hango kwana ba, jiki ba ya shirya mata, sai ƙaramin gangare ya zama kamar faɗawa rijiya.

Wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗambatta ko Bichi ko Makoɗa ya san wannan ciniki ko da bai taɓa jin sunan Orlando ba. Ƙasa ce da gona ke bin gona, gida na hangen gida, ba abin da ya rage na daji sai gawo da ɗorawa da kuka da aka bari da gangan a tsakiyar gero da dawa. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya ta gida. To inda aka nome dajin kakaf, sai tsoron ya zama baƙo, ya riƙa zuwa ranar kasuwa a ɗaure da sarƙa.

Gardawa ke kawo shi. Za a ji kiɗa da ƙarar akayau, sai ga gardi da warki da tarin layu, yana jan kura mai takunkumi, abokinsa na rataye da mesa a wuya. Jama'a su yi da'ira. Gwanintar gardi tana ga sarƙar nan: ya saki kamu ɗaya, kura ta zabura, da'ira ta watse, yara su faɗa kan tallan ƙosai, ya ja ta baya, kowa ya dawo yana dariya, har ya matso fiye da dā. Daga nan sai a fito da maganin sayarwa. Ita kurar ba a tambayi ra'ayinta ba, kuma duk wanda ya dubi wuyanta da kyau zai rage dariya.

Injiniyan Orlando da gardin kasuwa sana'arsu ɗaya, wato auna tsoro kamar yadda mai koko ke auna sukari. Masu bincike na Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmark sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan ban tsoro, suka wallafa sakamakon a 2020: daɗin ya fi yawa a tsaka-tsaki, idan tsoron ya yi kaɗan ba armashi, idan ya yi yawa daɗin ya gudu. Kakar da ke ba jikoki labarin Dodo bayan sallar isha ta riga su sani. Tana sassauta murya daidai lokacin da ƙaramin cikinsu ya ƙanƙame zaninta.

Sai dai dukkan wasannin nan suna da sharaɗi guda, a tabbata akwai mai riƙe da sarƙa. A ƙarshen 2025 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna afka wa ƙauyukan Tsanyawa da Shanono, suna sace mutane da dabbobi. A irin waɗannan garuruwa dare ya sauya ma'ana. Yaron da ya taɓa kwana a cikin karan dawa yana jin harbi ba ya bukatar a kwatanta masa Dodo, ita ma kakar hankalinta ba ya kan tatsuniya. Ta kashe fitila da wuri, ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar babura daga yamma.