Tazarar da ke Tsakanin Ƙofa da Fenda

Shekara goma sha ɗaya a-kori-kurar ta yi a gindin darbejiya bayan rasuwar mai ita. Peugeot 404 ce, irin wadda fataken hatsi suka yi yayi bayan masana'antar haɗa motoci ta Kaduna ta fara aiki a 1975. Da babban ɗan marigayin, wanda akanta ne, ya ƙudurta tayar da ita, sai ya fara da abin da ido ke gani: ya biya kuɗin fenti. Ranar da ya je ɗaukarta, yana buɗe ƙofar direba bakinta ya ciji gefen fenda, sabon fentin ya ɓare. Albashin wata biyu ya tafi a banza.

Aka haɗa shi da wani dattijo mai gyaran bodi a kusa da Fanteka. Dattijon ya zagaya motar, yana zura yatsa a tsakanin ƙarafa. Daga sama tazarar ƙofa da fenda ta kai faɗin ɗan yatsa, daga ƙasa ko takarda ba ta shiga.

"Baba, a ɗan matsar da fendar mana," in ji akantan.

"Ɗana, fenda ba ta da laifi. Ƙofa ce ta sunkuya."

Ƙa'idar aikin ita ce a fara daga abin da ba ya motsi. Ginshiƙin bayan ƙofa da dokinta na ƙasa a manne suke da jikin mota, don haka da su ake daidaita ƙofa. Sai a daidaita fenda da ƙofa, a ƙarshe a daidaita bonet da fendodin biyu. Wanda ya faro daga gaba zai yi ta kora kuskure zuwa baya, har ya iske inda babu sauran wurin matsawa.

Dattijon ya ajiye motar bisa tayoyinta a shimfiɗaɗɗen siminti, domin jiki kan ɗan murɗe idan an ɗaga shi da jak. Ya canza ƙusoshin hinji da suka cinye, ya kwance ƙarfen da makulli ke kamawa don kada ya ɗago ƙofar ya ɓoye sunkuyon. Gilashi da injin ɗaga shi ya bar su a ciki, saboda ƙofar da aka saita ba nauyi takan sauka idan an mayar mata da kayanta. Tazarar da yake nema milimita 4 zuwa 5 ce, daga sama har ƙasa, yana gwadawa da guntun katako. Inda fenda ta nutse, ya sa mata washa a ƙarƙashin noti. Inda gefe ya gaza, ya yi waldar siririyar waya ya goge, domin filar da aka ɗora a baki ba ta jure bugun rufe ƙofa. Bakin ƙofar na gaba kuwa ya shigar da shi ciki kaɗan, don kada iska ta riƙa fito a kan hanya.

Kwana tara aka yi. Kafin a kwance don sabon fenti, ya huda ƙananan ramuka biyu a kowane hinji, alamar da za ta mayar da kome mazauninsa.

Akantan ya taso yana ganin mahaifinsa na tallabo ƙofar nan da gwiwa kafin ta rufu, har ya ɗauka halin motar ke nan. Ranar da aka kai ta gida, mahaifiyarsa ta fito zaure, ya tura ƙofar da yatsu biyu, ta rufu ba gardama. Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce haka take rufuwa shekarar da malam ya sayo ta. Ta ce ya sake buɗewa ya rufe ta ji.