Ranar Awo a Asibitinmu

A 2018 ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a wajen birnin Kano. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta fitar. Kwalba ta yi tsada, samunta ya yi wuya, sai waɗanda jikinsu ya saba da ita suka fara zuwa mana da ciwon gaɓoɓi, da gudawa, da zufa, da hamma ba ƙaƙƙautawa, ga barci ya ƙaurace musu.

Wata ranar awo, wata dattijuwa ta kawo 'yarta, matar aure mai goyo. Yarinyar sai karkarwa take yi, tana ta share hanci da gefen hijabi. Uwar ta sunkuya ta raɗa wa ma'aikaciyar da ke kan tebur abin da ko mijin bai sani ba. Maimakon ma'aikaciyar ta ja su ɗaki, sai ta ɗaga murya: "Au, ashe 'yar kodin ce!" Masu ciki cike da benci, kowa ta juyo. Wani abokin aikinmu ya tashi ya kulle kabad ɗin magani, ya jefa makulli a aljihu, a gabanta.

"Malama, ki rufa mana asiri, Allah ya rufa naki," in ji uwar.

"Baba, nan ba wurin irinsu ba ne. Ku kai ta Dawanau, ko a yi mata ruƙiyya."

Kafin in sallami wanda nake wanke wa ciwo in fito, sun hau Keke Napep. Ko jininta ba a auna ba, balle a tambayi yadda jaririn ke shan nono. Ba su ƙara dawowa ba.

Ma'aikaciyar nan na san ta da kwana tsaye kan mai naƙuda ba tare da ƙorafi ba. Amma unguwa ɗaya muka tashi da masu jifan mahaukaci, kuma farar riga ba ta wanke abin da mutum ya sha da nono. A bakinmu mai taɓin hankali ko an yi masa sammu ne ko iskokai sun taɓa shi, ɗan ƙwaya kuwa "shi ya jawo wa kansa". Asibitin Dawanau, inda likitocin ƙwaƙwalwa suke, sunansa ya zama zagi. Tun 1991 manufar gwamnati ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, amma a makarantar koyon aikin lafiya a gurguje aka bi da mu ta kanta, kuma a sitonmu babu maganinta.

Shi ya sa da 'yan sanda suka fasa gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane wasu da sarƙa a ƙafa, na kasa shiga sahun masu tsine wa iyayensu. Na ga yadda ake korar uwa daga ƙofar da ta fi kusa da ita.

Sauyi ya zo mana ne da wani sabon in-caji, dattijo, wanda ya samu horon mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Shi in an kawo irin wannan mara lafiya, rufe ƙofa yake yi, ya tambayi barci da cin abinci, da ko tunanin halaka kai na zuwa masa. Ya hana rubuta "ɗan ƙwaya" a bayan kati. Wasu sun yi ta gunaguni wai yana tara mana mahaukata. A Janairun 2023 aka sanar cewa Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Har na bar asibitin, in dattijon ya tafi hutu, marasa lafiyarsa kan zo su leƙa, in ba su gan shi ba su juya gida.