Ruwa Biyu a Kunne Ɗaya

Idan bazara ta tsananta a Kano, wuraren ninkaya na otal-otal ɗin Nassarawa GRA kan cika da yara a ƙarshen mako. Da yamma sai a ga wasunsu sun karkatar da kai suna tsalle da ƙafa ɗaya, wai ruwa ya shige musu kunne. Abin mamakin shi ne ɗigon da ya shiga cikin sauƙi ya ƙi fita.

Dalilin yana cikin ginin kunnen. Ramin kunnen baligi bai wuce santimita 2.5 ba. Yana da lanƙwasa, yana tsukewa a wajen tsakiya, sannan dodon kunne ya rufe ƙarshensa ruf. Duk wanda ya taɓa toshe bakin bututun shan lemo da yatsa ya san ruwan ba ya zuba, domin iska ba ta da hanyar shiga ta maye gurbinsa. Haka ɗigon yake maƙalewa a bayan matsatsin. Idan kuma akwai dauɗar kunne, sai ta sha ruwan ta kumbura ta ƙara toshe hanya.

A nan ake yin ɓarnar. Tsinken ashana, gashin kaza, da tsinken auduga na kanti, wanda 'yan boko ke ɗauka wayewa ce, duk aikinsu ɗaya: tura dauɗa ciki da kuje fata mai laushi. Fatar da ta jiƙe ta kuje kuwa gona ce ga ƙwayoyin cuta; sai ƙaiƙayi, sai kumburi, sai zafi in an ja kunnen. Ga mai ciwon suga wannan kan iya kaiwa ga ƙashi. Abin da ya fi shi ne a kwanta ta ɓangaren, a ja leɓatun kunne a hankali don hanyar ta miƙe, a yi haƙuri. In an kwana biyu bai fita ba, ko ciwo ya fara, sai likita.

Ruwa na biyu ya fi wannan wayo, don bai shigo daga waje ba. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, kuma wata siririyar hanya ce ke haɗa shi da bayan hanci. Turawa sun sa mata sunan Bartolomeo Eustachi, masanin Italiya na ƙarni na 16. Ita ce ke buɗewa in an haɗiyi yawu ko an yi hamma lokacin da jirgi ke sauka. Idan murar hunturu ta kumbura bakinta, iskar ɗakin sai ta ragu, jiki kuma ya tsatso ruwa mai yauƙi ya cike gurbin. Hanyar yara ta fi gajarta, ta fi kwanciya, shi ya sa abin ya fi kama su.

Sau da yawa ba ya ciwo, kuma haɗarinsa ke nan. Yaro yana ji kamar daga ƙarƙashin bargo. Uwa ta kira sau uku, "Abba, ba da kai nake ba?", malami ya rubuta cewa ba ya mai da hankali, wani lokacin har bulala ta shiga. An kira shi mai kunnen ƙashi, alhali kunnen ruwa gare shi. Man zaitun ko maganin ɗigawa ba sa kaiwa wurin, tun da dodon kunne ya tare.

Yawanci ruwan kan janye da kansa cikin wata 3. In ya zarce, musamman ga yaron da ke koyon magana, gwajin ji ya wajaba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wani lokacin likita kan sa ɗan bututu a dodon kunne, iska ta shiga, ji ya dawo.